Bayanin da Yaya Ya Bari a Cikin Manhaja

Akwai wani matashi mai rubuta manhaja, ana ce masa Walƙiya saboda saurin hannunsa. Yayansa ne ya koya masa sana'ar, shi ya kawo shi kamfanin, teburinsu na kallon juna.

Yaya ne ya gina shafin da marasa lafiya ke neman ganin likita ta cikinsa. Ya tsara shi kamar gida: sashe guda shi ne uwa, sauran sassan kuma 'ya'ya masu gadon aikinta. Duk buƙatar da ta shigo saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ɗa ɗaya ke karɓa ya amsa, sannan ya kira uwar ta rufe ƙofar rumbun bayanai da aka buɗe.

Da ciwo ya kama Yaya, hannunsa ya fara rawa. Ran nan a gaban Oga, mai kamfanin, Walƙiya ya ce, "Yaya, shafin nan jan ƙafa yake kamar mai shi. Ka je ka huta mana, ka bar wa masu jini a jika."

Aka kwashe da dariya. Yaya ya naɗe cajarsa a hankali, ya ce, "Auta, in za ka taɓa 'ya'yan, ka tabbata..."

"Wa'azi kuma? A gaida gida."

Yaya ya bar aiki, Walƙiya ya gaji shafin. Ya sake rubuta 'ya'yan, kowanne ya gama aikinsa shi kaɗai, ya goge bayanan Yaya ko karantawa bai yi ba.

Bayan mako biyu, kullum da rana in mutane suka yi yawa, sai saba ta shaƙe. A kashe a kunna, ta yi awa ɗaya ta sake shaƙewa. Oga ya ce, "Zuwa Juma'a. In ba ka gyara ba, ka bi yayanka."

Yaya ya yi ta kira, Walƙiya na kife wayar. A ransa ya ce, ya ji labari, dariya zai yi min. Safiyar Alhamis kiran ya ishe shi, ya kashe wayar gaba ɗaya.

Bayan la'asar, da dabara ta ƙare, ya buɗo tsohon rubutun Yaya daga ma'ajiya. Ga bayanin da ya goge:

"Auta, na san kai za ka gaje ni. Kada ɗa ya gama bai kira uwa ba, ita ke rufe ƙofa. Na sha wannan wahalar, ba na so ka sha."

Layi ɗaya, na kiran uwa, ya mayar a kowane ɗa. Saba ta numfasa.

Ya sayi lemo leda guda ya nufi gidan Yaya, yana shirya kalmomin da zai faɗa. A ƙofa ya ga takalma, masu yawa, wasu a kan wasu.

Matar Yaya ta dube shi, idonta a bushe.

"Auta, sai yanzu? Kiran jiya shi ne, wai zai gaya maka inda ƙofar take. Na yau ni ce, da wayarsa. Tun azahar aka kai shi."

Ledar ta suɓuce, lemon ya gangara cikin takalman mutane.

Walƙiya bai rasa aikinsa ba. Yana nan kan kujerarsa, yana kallon teburin Yaya da babu kowa.

Darasi: Kada ka goge abin da na gabanka ya bari kafin ka karanta, kuma kada ka kife waya in wanda ya koya maka ne ke kira. Ku tura wa wanda yayansa ke raye, ya kira shi yau.