Direban Da Ƙiba Ta Sauke Daga Mota

Akwai wani direba da ke jigilar ma'aikatan wani kamfani safe da yamma. Abokan aikinsa suna kiransa Tanki, shi kuwa yana amsawa da fara'a. Gwani ne, bai taɓa ko gogar motar wani ba.

Sai dai aikin na zama ne. Da zarar ya sauke mutane, sai ya samu inuwa a gareji, ya ci nama, ya kora da lemon kwalba, ya kishingiɗa har yamma. A hankali tumbi ya kai ga sitiyari, sai da bakanike ya ja masa kujera baya.

Matarsa ce ta fara magana. "Baban yara, minsharinka ya canza. Numfashinka kan ɗauke, sai na taɓa ka."

Ya yi dariya. "Ke ke dafawa, ke ke ƙorafi. So kike a ce ba kya kula da ni?"

Da lokacin gwajin lafiya ya zo, likitan kamfani bai ɓoye masa ba. Ya ce jininsa ya hau, kuma ƙibar ce ke hana shi barcin kirki, shi ya sa yake gyangyaɗi da rana. Ya ba shi shawara ya koma sito na wasu watanni, ya rage jiki, sannan ya dawo tuƙi.

Tanki ya ɓata rai. "Ni a sito? Waɗanda na koya wa tuƙi su riƙa wuce ni suna ɗaga min hannu? Likita, haka muke a gidanmu, gado ne."

Wata rana da yamma, mota cike da mutane, ya tsaya a fitilar ba da hannu. Barci ya sace shi, ƙafarsa ta saki birki. Motar ta gangara ta daki bayan wata tirela. Ba a rasa rai ba, amma wata ma'aikaciya ta karye a hannu.

Kamfani ya yi masa ritaya, alhali da sauransa fiye da shekara goma, 'ya'yansa kuma duk suna makaranta.

Ya koma zaman ƙofar gida, ba ya son magana da kowa. Sai yayarsa, malamar makaranta, ta zo ta same shi.

Ta ce, "Auta, na ji kana cewa gado ne. A wajen wa ka gada? Ni da na goya ka har gobe ina zuwa aiki. Tashi ka raka ni."

Ya raka ta da ƙafa yana haki. Washegari ma haka. Ya bar lemo, ya rage ci, ya koma asibiti. Bayan shekara guda, sai da tela ya rage masa duk wandunansa.

Nan ya shirya ya koma kamfanin. Manaja ya tarbe shi da murna, ya ce, "Wallahi da ƙyar na gane ka. Da haka ka yi tun farko, da kana nan. Amma motar an ba wani, kuma takardunka sun riga sun wuce."

Ya yi godiya ya fito. Sabon direban ya tsaya zai rage masa hanya, ya ce a'a, zai taka.

Darasi: Jikinka shi ne kayan aikinka na farko. Ka saurari masu faɗa maka gaskiya tun aikin yana hannunka, domin lafiya tana iya dawowa, amma dama ba lallai ta jira ka ba. Ku tura wa wani da kuke ƙauna.