Shaidar Bunsuru a Shari'ar Bayin Kura

An yi wata Kura mai babban rinji, wato ƙauyen bayi, a bakin kogi. Bayinta raguna ne da awaki, sai wani tsohon Jaki mai taurin kai da yawan tambaya, da wani Bunsuru wanda ko inuwar bulala ya gani sai ya saki fitsari. Kullum Kura cewa take bayinta suna son ta kamar uwar da ta haife su. Ba wanda ya taɓa musa mata, domin haƙoranta suna nan cikakku.

Wata shekara, lokacin sussuka, Kura ta rage musu dusa har cin abinci ya koma lasar akushi. Da yunwa ta kai musu iya wuya, sai raguna suka tunkuyi rumbu har ya faɗi. Kowa ya cika cikinsa da dawa, suka lakaɗa wa Kare mai gadi duka, suka nufi kogi. Kafin su ƙetare aka tare su, aka dawo da su a ɗaure.

Ba wanda ya shirya wannan tawaye, yunwa ce kawai. Amma in Kura ta yarda yunwa ce, ta yarda ke nan laifinta ne. Sai ta ce 'ya'yanta ba za su yi mata haka ba, lalle akwai wanda ya zuga su, kuma sai an nemo shi. Tun daga ranar ko ganye ya motsa sai ta zabura.

Ta kai ƙara wajen Ungulu, alƙaliyar yankin, wadda ke zaman shari'a a kan reshen wata kuka. A al'adar wurin, duk wanda shari'a ta kashe, mai ƙara ba ya taɓa namansa, don kada a ce kwaɗayi ne ya kawo shi. Naman na alƙali ne, ladan wahalarsa. Shi ya sa ba a taɓa jin Ungulu ta sallami kowa ba, abin da mazauna yankin ke kira tsananin adalci.

Akwai kuma wata al'adar. Shaidar bawa ba ta karɓuwa sai an yi masa bulala, wai bawa ba ya faɗin gaskiya a banza. Aka kawo Bunsuru, aka yi masa alkawarin 'yanci in ya taimaki shari'a. Da aka tambaye shi, ya ce shi bai san komai ba, ranar da aka fasa rumbu ma yana ɗaure a bayan gidan Kura. Ungulu ta dubi Kare, wanda har lokacin yake ɗingishi. Kare ya ɗaga bulala.

Yara, ban taɓa ganin maganin mantuwa irin wannan ba. Bulala na sauka Bunsuru ya tuna an yi taro a gindin gawo da safiyar ranar. Aka ƙara masa, ya tuna an yi rantsuwa. Aka sake ƙarawa, ya tuna har an zaɓi ragon da za a naɗa sarki, da akuyar da za ta yi masa guɗa. In an ce ya faɗi suna, sai ya ɗaga kai, wanda idonsa ya fara sauka a kansa shi ne ya je taron.

Raguna aka fara yankawa, domin laifinsu ya fi girma, kitsensu ma haka. Ana cikin shari'ar Ungulu ta yi ƙiba har sai ta huta a hanya kafin ta kai reshenta. Kura kuwa tana gefe tana haɗiyar yawu. Abin yana ci mata rai, amma tsoron wani tawayen ya fi ƙarfinta.

Sannu a hankali sunaye suka ƙare. Wasu an cinye su, wasu suna ɗaure suna jiran ranarsu. Wanda ya rage kawai shi ne Jaki, kuma ranar nan aka tsayar da shi daidai inda Bunsuru zai gan shi. Ai kuwa ya gan shi, ya ce Jaki ne mai gadin taron.

Jaki ya ce, "Ranki ya daɗe, kafin a yanka ni ina da tambaya."

Ungulu ta ce ya yi, amma ya taƙaita, rana tana yi.

Jaki ya juya wajen Bunsuru. "Ɗan'uwa, ranar da aka fasa rumbu ina rijiya ina jan ruwa, Kare da kansa ya ɗaura mini guga. Kai kuma ka ce kana ɗaure a bayan gida. Da igiyar ka je taron, ko turken ka ɗauka?"

Bunsuru ya sunkuyar da kai, ya ce ya hango ne daga nesa.

"Daga nesa ka ji rantsuwa?"

"Daga baya na matso."

"Ka matso, amma ba wanda ya ji warinka? Kai da in ka shigo wuri har ƙuda sai ya ba ka hanya?"

Bayin da ke ɗaure suka fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyarsu ta farko tun da aka kama su. Jaki bai yi dariya ba. Ya dubi Ungulu ya ce wanda ake duka zai faɗi duk abin da zai tsayar da dukan, kuma wanda aka yi wa alkawarin 'yanci ba shaida ba ne, ɗan kasuwa ne.

Ungulu ta kumbura, ta baza fukafukai, ta yi jawabi mai tsawo kan jahilcin jakuna. A ƙarshe ta ce, "Kowa ya ji hukuncina. Maganar da ta fito daga bakin bulala gaskiya ce tsantsa, domin zafi ba ya barin wurin ƙarya. Ko a kan wa ta faɗa ta zauna, ba tambaya, ba ɗaukaka ƙara." Kura ta gyaɗa kai ta ce ilimi ke nan. Aka yanke a kashe Jaki kafin rana ta faɗi.

Da a nan Ungulu ta tsaya, da ta ci Jaki lafiya. Amma ta ƙare masa kallo ta ga ƙashi ne da fata, ta kuma tuna daga shi shari'a ta ƙare. A ƙetaren kogi kuwa akwai wani rinji mai shanu manya-manya. Sai ta ce ai har yanzu ba a gano babban mai zugar ba, kuma tawaye irin wannan ba ya rasa hannun baƙi.

Ta ce, "Bunsuru, tuna da kyau. Ba ka ga wani babba ba, wanda ba ɗan rinjin nan ba? Wanda ya fi kowa cin riba?"

Bunsuru bai taɓa ƙetare kogi ba, bai san sunan saniya ko ɗaya ba. Ya ce ya gama tunawa. Kare ya zabga masa bulala. Ya duba dama, duk ya riga ya ambace su. Ya duba hagu, Kura ce da haƙoranta da Kare da bulalarsa. Aka sake zabga masa, sai ya ɗaga kai sama.

"Ranki ya daɗe, ke ce."

Ya ci gaba da bayani tiryan-tiryan, domin yanzu ya ƙware. Ya ce Ungulu tana kan gawon ranar taro, ita ta karɓi rantsuwa, ita ta ce su fasa rumbu za ta duba musu hanya daga sama. Kura ta juyo a hankali ta dubi tumbin alƙaliya, ta dubi ƙasusuwan ragunanta a gindin kuka.

Nan take Ungulu ta zama mai son bincike. Ta sauko ƙasa da kanta don ta yi wa shaida tambayoyi. Ta ce ai wannan yana ɗaure a bayan gida, yaya aka yi ya ga gawo? Ta ce kowa ya san wanda ake duka zai faɗi komai. Har zancen wari sai da ta kawo, kamar ita ta gano shi.

Kura ta ce, "Malama, zaɓi ɗaya. In shaidar nan gaskiya ce, ke kika tayar mini da bayi. In ƙarya ce, a kan ƙarya kika cinye mini raguna."

Ungulu ta zaɓi ƙarya, tana ganin ta fi sauƙi. Ta soke shaidar duka, ta wanke Jaki da sauran bayi, da wanda ke raye da wanda ke cikinta. Ba ta rufe baki ba Kura ta cafke mata kai. Da ƙyar ta fizge ta tashi, ta bar gashin kanta da na wuyanta a bakin Kura, kuma har yau bai sake tsirowa ba.

Bunsuru ya rarrafo, bayansa duk jini, ya tuna wa Kura alkawarin 'yanci. Ta ce alkawarin na mai gaskiya ne, shi kuwa shari'a da bakinta ta ce maƙaryaci ne. Aka mayar da shi turkensa. Ni dai tausayinsa nake ji, don bai fara ƙarya ba sai da gaskiyarsa ta sha duka.

Jaki ya tsira da ransa. Aka kwance shi, aka ɗora masa kayansa da kayan waɗanda aka yanka, tunda dole wani ya ɗauka. Kura ta ce masa ya gode wa adalci. Ya yi 'yan taku, sannan ya tsaya ya ce yana da sauran tambaya ɗaya.

"Uwargijiya, ragunan da aka wanke yau, wa zai je ya gaya musu?"

Darasin wannan labari shi ne, in kun ji an ce wane ya ba da shaida a kan wane, kada ku yi saurin cewa magana ta ƙare. Ku tambaya a wane hali ya faɗa, me aka yi masa alkawari, wa ke riƙe da bulala, wa kuma ya ƙoshi bayan hukunci. Ku yi tambayar tun wanda ake tuhuma yana numfashi.