Ciyawar da Sarki Ya Shuka

An ce wani sarki ya damu ƙwarai da ganin mutanensa sun dogara ga hatsin da fatake ke kawowa daga nesa, alhali ƙasarsu mai albarka ce. Sai ya buɗe baitulmali, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya faɗaɗa gonarsa za a ba shi kuɗin ɗaukar 'yan ƙodago. Masu hali suka karɓa, samari suka sami aikin biya, daji ya koma gona.

Da damina ta kankama, sarki ya fita da hantsi, shi da waziri da 'yan rakiya, don ya ga amfanin alherinsa. Ko'ina shuka ta yi kyau, har suka iso wata 'yar gona da ciyawa ta shanye geronta. Wani tsoho mai suna Nomau yana duƙe a ciki da fartanya, ya ɗan taɓa, ya huta. A gindin ɗorawa kuma wata tsohuwa na zaune, gabanta babbar ƙwaryar fura a rufe da faifai.

Sarki ya ce, "Sannu da aiki, baba. Wa ya bar gonar nan haka?"

Tsoho ya miƙe da ƙyar, ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, gero dai mai gona ce ta shuka. Ciyawar kuwa kai ka shuka ta."

Waziri ya yunƙura zai tsawata, sarki ya ɗaga masa hannu. "Yaushe na shuka ta, ban taɓa taka wurin nan ba?"

"Ranar da aka yi shela," in ji tsoho. "Wannan Tsahara ce, matar abokina marigayi, ba ta da ɗa. Kowace shekara takan dama fura ta kira gayya, samari su taru da makaɗi, kafin azahar sun nome mata gonar. Bana kowane saurayi yana da mai biyansa. Ta kira jiya, ta kira yau, ni kaɗai na amsa."

Tsahara ta ce, "Shi ma ɗin, tsakaninsa da fartanyar ban san mai jan wani ba."

"Haba Tsahara, ko a gaban sarki ba za ki rufa mini asiri ba?"

Sarki ya yi murmushi, amma zuciyarsa ta yi nauyi. Ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Za a cika miki rumbu daga fada."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ba yunwa nake tsoro ba. Wannan geron irin maigidana ne. Da yana raye, duk kaka shi yake zaɓen zangarniya da hannunsa ya rataye a ɗaka. Ragowar na shuka bana. In ciyawa ta kashe shi, ba ni da inda zan sake samo shi."

Sai sarki ya sauka daga doki, ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi fartanyar Nomau. Bai yi nisa ba tsohuwa ta ɗaga murya: "Wayyo ɗana, wannan gero ne ka sare! Bi a hankali."

"Na tuba, iya. Nuna mini."

Ta taso ta riƙe hannunsa, tana nuna masa ganyen gero da na ciyawa. Samarin da ke ƙodago a gonakin maƙwabta suka hango rawanin sarki a duƙe, kunya ta kama su, suka riƙa tahowa ɗaya bayan ɗaya da fartanyunsu.

Da aka kai ƙarshen kunyoyin gonar, sarki ya share gumi, ya umarci waziri cewa daga yau ba wanda zai karɓi taimakon fada sai ya yarda ya saki ma'aikatansa ranar gayyar marasa ƙarfi. Sa'an nan ya ce, "Rubuta wa waɗanda za su gaje ni: mai rabon alheri, in yana son ya yi adalci, ya fara duba wanda rabon zai bari shi kaɗai."