Fim Ɗin Da Zakiyyu Bai Kalla Har Ƙarshe Ba

Akwai wani matashi a garin Lafia mai suna Zakiyyu, yana da ɗan shagon tura fina-finai a waya a bakin kasuwa. Shagon ba wani shago ba ne, benci ɗaya ne da kwamfuta da fanka mai ƙara. Amma in ka shiga shafinsa na sharhin fina-finai, sai ka rantse wani ƙaton ofis yake da shi.

Allah ya ba shi baki. In ya ɗauki fim ya fara yi masa tsiya, ko wanda ya shirya fim ɗin sai ya yi dariya kafin ya ji haushi. Da wannan bakin ya tara mabiya, har mutane ba sa sayen data su kalli sabon fim sai sun ji me Zakiyyu ya ce.

Sai dai bawan Allahn nan ba ya iya zama wuri ɗaya. Shayi a tsaye yake sha. In yana zaune ƙafarsa na karkaɗawa. Fim kuwa, babban yatsansa na kan waya, yana dannawa yana tsallakewa. Ya ga farko, ya leƙa tsakiya, ya rufe, ya hau sharhi. Sauran kuma baki ya cike.

A ƙarshen kowace shekara, masu sharhin fina-finai na intanet suna haɗuwa a wata ƙungiya da suke kira Zauren Masu Sharhi, su zaɓi fina-finan da suka fi fice, su sanar kai tsaye a shafinsu. A bana suka gayyaci Zakiyyu cikin alƙalai. Shi ne na farko daga Nasarawa, kuma ya daɗe yana mafarkin wannan kujera.

Shugaban zauren, wani dattijo mai suna Malam Babandi, ya kira shi a waya.

"Sharaɗinmu ɗaya ne, Zakiyyu. Ba ka jefa ƙuri'a a kan fim, ba ka yi magana a kansa, sai ka kalle shi daga farko har ƙarshe. Wanda ya karya wannan ya bar mana kujerarmu."

"Haba Malam, ai aikina ke nan," in ji Zakiyyu. Yana faɗa yana tsallake wani fim da ɗaya hannun.

Aka turo wa alƙalai fina-finan da suka shiga gasa. Cikinsu akwai wani ɗan ƙarami da ba a ma sake shi a kasuwa ba, sunansa Masu Dafa Gishiri. Wata yarinya 'yar garin Keana mai suna Muhibbat ce ta ɗauke shi, a kan matan garinsu da ke yin gishiri irin na gargajiya.

Zakiyyu ya buɗe. Wata mata ta ɗebo ruwa a tafki, ta zo ta yayyafa a ƙasa. Ta koma ta sake ɗebowa. Babu kiɗa, babu faɗa, babu mota. Ya danna gaba, ya ga tukunya a kan wuta. Ya sake dannawa, tukunyar tana nan. Ya ja tsaki ya rufe.

A ranar ya saki bidiyo.

"Jama'a, in barci ya ƙi zuwar muku, ga magani na samo. An kwaso tsofaffin ƙauye an sa su gaban kyamara suna dafa ruwa. Ruwa fa! Ni ɗan Nasarawa ne, amma wallahi wannan kunya aka jawo mana."

Bidiyon ya yaɗu fiye da duk wanda ya taɓa yi. Zakiyyu ya wuni yana leƙa waya yana murmushi.

Washegari mahaifiyarsa ta kira shi. Sunanta Rabi, 'yar ƙabilar Alago ce daga Keana. Tun da mahaifinsa ya rasu, in rani ya shigo takan bar Lafia ta koma wurin 'yan'uwanta su yi aikin gishiri.

"Zakiyyu, an ce fim na Muhibbat ya zo hannunka. Ka gani?"

"Na gani, Mama."

"Ka gani har ƙarshe?"

"Har ƙarshe mana. Mama, ina da kwastoma, zan kira ki."

Ta ce, "To." Ya kashe waya. Babu wani kwastoma a shagon.

Tambayar ta tsaya masa a rai. Me ya haɗa Mama da fim, ita da ko talabijin ba ta zama gabansa? Ya ce a ransa, ai 'yar garinsu ce ta yi, shi ya sa. Ya yi niyyar buɗe fim ɗin da yamma. Yamma ta yi, aka saki tallar wani sabon fim, ya bi ta kansa.

Muhibbat ma ta aiko masa da saƙo. "Yaya Zakiyyu, ban ce ka yabe shi ba. Don Allah ka kalli ƙarshensa kawai."

Maimakon ya kalla, sai ya ɗauki hoton saƙon ya saka a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: "An fara roƙon ƙuri'a." Mabiya suka yi ta dariya. Duk wanda ya zo da wata magana daban, Zakiyyu bai tsaya karantawa ba, toshe shi yake yi.

Sai ga kiran Malam Babandi kuma.

"Zakiyyu, na ga bidiyonka. Fim ɗin gishirin nan, ka tabbata ka kai ƙarshensa?"

Nan ne wurin da ya kamata Zakiyyu ya ce a'a. Amma kujerar ta faɗo masa a rai, da yadda abokai suka riga suka fara kiransa alƙali a kasuwa.

"Malam, ni za a yi wa wannan tambayar? Na kalla."

"To madalla. Duk da haka ka sake kallonsa kafin ranar sanarwa. Shawara ce."

Daga ranar Zakiyyu ya rasa sukuni. Ya buɗe fim ɗin, matar nan tana nan tana ɗebo ruwa, sai saƙo ya shigo, ya fita. Ya sake buɗewa a kan okada, netwok ya ɗauke. Ya ce bari ya je gida, a gida ya ce bari ya ci abinci. Gaskiyar magana ita ce tsoro yake ji. In ya kalla ya tarar fim ɗin yana da kyau, ina zai kai bidiyon da ya riga ya zagaya gari? Gara kada ya sani.

Mahaifiyarsa ta sake kira sau ɗaya. Muryarta ta yi sanyi.

"Yaran nan sun nuna mini magana da ka yi. Zakiyyu, da gaske ka gani har ƙarshe?"

"Mama, na ce miki na gani. Aikina ne, ba za ki gane ba."

"To. Allah ya taimaka."

Ba ta sake kira ba. Shi ma bai kira ba.

Ranar sanarwa ta zo. Bayan la'asar Zakiyyu ya rufe ƙofar shago rabi, ya sa sabuwar hula, ya jingina waya da kwalbar ruwa. Fuskokin alƙalai suka jeru a allo, 'yan kallo suna ta shigowa, mabiyansa na Lafia suna rubuta sunansa.

Aka ba da kyautar jarumi, aka ba da ta waƙa, aka ba da ta barkwanci. Zakiyyu yana ta jefa zolaya, ana dariya, har ya fara sakin jiki.

Sai Malam Babandi ya gyara tabarau ya ce, "Fim ɗin shekara, da rinjayen ƙuri'u, shi ne Masu Dafa Gishiri. Sannan zaure ya ware kyauta ta musamman ga tsohuwar da ta rufe fim ɗin."

Dattijon ya yi murmushi. Shi a zatonsa yaron ya bi shawara, karramawa yake son yi masa.

"Zakiyyu, kai ne ɗan gida. Faɗa wa jama'a yadda ka ji da ka ga wannan tsohuwa."

Wace tsohuwa? Zakiyyu bai san da ita ba. Amma bakin da ya saba cike gurbi bai jira shi ba.

"To Malam, ni dai ra'ayina bai canza ba. Tsohuwar ba ta burge ni ba. Irin waɗanda ake ɗaukowa ne don a ba mutane tausayi. Ko magana ba ta iya ba."

Babu wanda ya yi dariya. Wata alƙaliya daga Jos ta rufe bakinta da hannu. Malam Babandi ya cire tabarau, ya ce a hankali, "A sa mana wurin."

Hoto ya canza. Ga tukunyar nan a kan wuta, amma yanzu ruwan ya ƙone, gishiri fari tas ya taru a gindinta. Wani hannu yana kwashe shi da ƙoƙo. Zakiyyu ya san hannun kafin kyamara ta kai ga fuska. Akwai tabon ƙuna a bayansa, tabon da yake wasa da shi tun yana ƙarami.

Mahaifiyarsa ce. Ta ɗaura sabon ɗankwali, wanda shi da kansa ya saya mata da Sallah. Tana kallon kyamara tana jin kunya.

"Wannan aiki ba ya son gaggawa," in ji ta. "Ni da shi na yi goyon ɗana, ina dafawa yana bayana, hayaƙi na shiga idonsa. Yanzu ya girma, yana Lafia. Zakiyyu sunansa. Shi aikinsa kallon fim ne, duk fim da aka yi sai ya gani." Ta yi 'yar dariya, ta gyara ɗankwalin. "Ban gaya masa ba. Zai gan ni da kansa."

Zakiyyu bai san lokacin da ya kife wayar ba. Ya zauna a bencin, fanka na ta ƙara, waya na ta rawa a kan tebur. A karon farko ƙafarsa ta daina karkaɗawa.

Kafin magariba saƙon Malam Babandi ya shigo. Bai zage shi ba. Ya ce ai Zakiyyu ya san sharaɗi, don haka zaure ya karɓe kujerarsa. Mabiya kuwa, waɗanda suka yi dariya jiya su ne suka fi kowa yaɗa abin da ya faru yau. Amma ba wannan ne ya hana shi cin abinci ba.

Da safe ya shiga motar Keana.

Ya same ta a wurin aikin, cikin matan da ya kira tsofaffin ƙauye. Wasu na yayyafa ruwa a ƙasa, wasu na kankare wadda ta bushe, wasu na tacewa a tukwane. Suka amsa gaisuwarsa, babu wadda ta ƙara komai. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ya durƙusa a gabanta. "Mama, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta tura itace cikin murhu, ta nuna masa wani dutse. "Zauna."

Ya zauna. Waya ta yi ƙara a aljihunsa, hannunsa ya tafi da kansa.

"Ajiye shi."

Ya ajiye. Ruwa yana tafasa, hayaƙi yana shiga idonsa, rana tana hawa. Babu abin da ke faruwa a tukunyar, daidai yadda ya gani a waya. Ya gyara zama, ya sake gyarawa.

"Mama, sai yaushe zai fito?"

"Wannan ba a danna shi ya yi gaba," ta ce.

Can ta yi magana, idonta na kan wuta.

"Ranar da aka ce ka yi magana a kan fim, ni na tara matan nan. Na ce ku zo ku ji ɗana. Muka zauna a nan, aka kunna." Ta juya itacen. "Zagin bai dame ni ba, mun ji wanda ya fi shi. Amma na tambaye ka, na sake tambayarka. Ka ce ka gani har ƙarshe. To na zauna ina tunani, ashe ya gan ni, kuma abin da ya gani ke nan."

Zakiyyu ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Wallahi ban gani ba, Mama. Ƙarya na yi miki. Ban kai wurin ba."

Sai a lokacin ta ɗago ta kalle shi. Ta sauke numfashi.

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Gara haka."

Ta miƙa masa ƙoƙon. Ya zauna a wurin har ruwan ya ƙone, har farin gishiri ya fara fitowa a gefen tukunya. Bai tashi ba sai da ya kwashe shi duka.

Kujerar zaure ba ta dawo ba. Shafin nasa yana nan, mabiya sun ragu, sharhi ma ya ragu, don yanzu kowane fim sai ya kai ƙarshensa.

Darasi: Kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka tsaya ka gani ba, kuma kada ka ce ka gani alhali ba ka gani ba. Aikin da kake yi wa dariya da yatsa ɗaya, guminsa na wani ne, kuma wataƙila na wanda ka fi ƙauna a duniya. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani mai saurin yatsa, amma ka ce masa ya karanta har ƙarshe.