Ranar da Melubo Ya Tayar da Tsuntsayen Natron

Akwai wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙabilar Masai, sunansa Melubo, haifaffen wani ƙauye a bakin tafkin Natron, can arewacin Tanzaniya. Ya daɗe yana zaune a birnin Arusha. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya. Wannan na biyun ne ya fi damun mutane.

Yayarsa Naeku ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta koyar a makarantar ƙauyen har ta gaji ta ajiye alli, kuma rabin mazan garin sun taɓa shan dundunta.

Wata shekara ruwan tafkin ya ja baya, ya bar wani tsibirin kanwa dab da gaɓar ƙauyen. Sai filamingo suka sauka a kansa, tsuntsayen nan masu launin ruwan hoda, da dogon wuya da ƙafafu kamar sillen kara. Da can sai a tsakiyar tafki suke yin ƙwai, inda ko kura ba ta iya kaiwa. Wannan karon suka gina 'yan tuddansu na laka a gaban idon kowa, kowace ta ɗora ƙwai ɗaya tal ta kwanta. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin haka tun suna kiwon maruƙa.

Dattawa suka zauna a gindin bishiya, suka sa aka jera duwatsu a bakin gaɓa. Ba mai ƙetarewa sai 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun taka da ƙafarsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In tsuntsuwa ta firgita ta tashi, zafin ranar Natron ba ya jiran kowa, nan take zai dafa ƙwan, ga kuma babba-da-jaka a tsaye a gefe kamar masu jiran rabon gado.

Suka damƙa wa Naeku sandar gadin wurin. Ba a taɓa ba mace irin wannan sanda a ƙauyen ba. Wasu dattawan ba su so ba, amma suka zauna jiran ranar da za su ce dama sun faɗa.

Ana cikin haka Melubo ya diro daga mota da kyamara mai dogon baki. Wata mujalla ce ta nemi hoton da za ta sa a bangonta. Dattawa suka ce ba sa son mai hoto ko ɗaya a wurin, na gida ko baƙo. Naeku ta miƙe a gabansu.

"Iyayena, ƙanena ne, ni na goya shi. Na tsaya masa. In ƙafarsa ta wuce duwatsun nan, ku karɓe sandarku."

Tsoho Parmuat, wanda ya fi kowa ƙin a ba ta sandar tun farko, shi ya fara amincewa. Har da murmushi.

Ɗaukar hoton filamingo aiki ne na kwanciya. Ka kifa ciki a kan kanwa mai zafi, ka lulluɓa da tsumma mai launin ƙasa, ka yi shiru har su manta da kai. Kanwar tana cin gwiwar hannu, ƙudaje suna cin sauran. Melubo ya yi hakan kwana da kwanaki, kuma gaskiya ya samu hotuna masu kyau. Shi dai ba su yi masa ba.

Wata rana suna shan shayi a ƙofar ɗakinta ya tura mata kyamarar.

"Yaya, duba don Allah. Kaji a kan ƙwai. Wa zai sa hoton kaza a bangon mujalla?"

"To ka jira kajin su ƙyanƙyashe, ka ɗauki 'yan tsaki."

Ya ce shi so yake su tashi gaba ɗaya, dutsen Lengai a bayansu. Ya ce ai tashi kawai za su yi, su yi kewaye ɗaya su dawo, kafin mutum ya gama kurɓar shayi. Naeku ta tambaye shi ko tsuntsayen ne suka yi masa wannan alkawari. Ya yi dariya, ya ce malama har yanzu ba ta ajiye bulala ba.

Kada wani ya ce rashin sani ne. A bakin tafkin nan ya girma. Ya san abin da ke faruwa da ƙwan da aka buɗe wa rana kamar yadda ya san sunan mahaifinsa.

Ranar kasuwa, saniyar maƙwabciyar Naeku ta kasa haihuwa, aka zo kiranta. Kafin ta tafi ta kai masa goran madara inda yake kwance, ta ce ya kama mata gadin har ta dawo. Ya ce ta je abinta.

Da ta ɓace masa, ya tashi ya ɗaure takalmansa na tayar mota, ya tsallake duwatsun. Ya taka ɓawon kanwa har ya kusa tsibirin. Ya kafa kyamara, ya kwance jan mayafinsa, ya kaɗa shi sama, ya saki fiton nan da ake kora shanu da shi.

A kasuwa mutane sun ɗauka hadari ne ya taso. Da suka ɗaga kai, sama ta zama ruwan hoda daga wannan gefe zuwa wancan. Aka ce kasuwar ta yi tsit, har mai jayayya a kan farashin akuya ya saki igiya.

Ba zan yi muku ƙarya cewa hoton ya lalace ba. Na gan shi. Ya yi kyau.

Tsuntsayen sun yi kewayen da ya ce, har sau da yawa. Sauka ce ba su yi ba. Suka miƙe can arewa. Babba-da-jaka kuwa ba su tsaya gayyata ba.

Naeku ta iso a guje, hannuwanta da jinin haihuwar saniya har gwiwa. Ta tarar da shi ya dawo bayan duwatsun, yana duba hotunansa. Mutum mai bin doka.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon tsibirin, sannan ta juyo.

"Ka samu?"

"Yaya, za su dawo."

"Na ce ka samu?"

Ya ce ya samu. Ta ce to madalla, gara da ba a yi asarar duka ba. Sannan ta gaya masa abin da ke ranta, a tsaye, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ta goya shi yana zawo a bayanta ba ta ji ƙyama ba, yau ce ranar farko da ta ji. Ta ce ba tsuntsu kaɗai ya kora ba, ya kori duk macen da za ta miƙe a gindin bishiyar nan ta ce a ba ta amana. Ya fara cewa mujallar za ta sa sunan ƙauyen ya zaga duniya. Ta ce ya rufe mata baki kafin ta tuna cewa da sanda a hannunta.

Washegari aka taru a gindin bishiya. Samarin da ke raka baƙi masu yawon buɗe ido zuwa tafki sun zo da kulake, kuma ba don ado ba. Sun riga sun gaya wa baƙinsu su zo ganin 'yan tsaki.

Melubo ya ga yadda idanu suke. Sai ya sunkuya ya tsinko ɗanyar ciyawa, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. A al'adar Masai, wanda ya riƙe ciyawa ya nemi afuwa, ba a dukansa. Kulake suka sauka a hankali, ba da son ransu ba.

Dattawa suka yi shawara, suka ci shi tarar karsana, aka fesa masa madara bisa al'adar sulhu, aka ce magana ta mutu. Melubo ya sauke ajiyar zuciya. Karsana ba ta da wuya ga mai hoton bangon mujalla.

Daga nan Parmuat ya gyara murya. Ya ce shi ba ya son tuna baya, amma akwai wata magana da wata ta faɗa da bakinta a wurin nan. Bai ƙarasa ba Naeku ta taso ta ajiye sandar a gabansa.

"Ga ta, Baba. Kada ka wahalar da kanka, na san ka daɗe da haddace jawabin."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta juya wajen ƙanenta, wanda har lokacin bai yar da ciyawar ba.

"Mu ka nuna mana ciyawa mun haƙura, don dole. Tsuntsayen fa? Ban ga ko ɗayansu a taron nan ba."

Ta roƙi dattawa abu ɗaya kafin ta zauna. Ta ce tunda ɗansu gwani ne, a sa shi ya ɗauki hoton tsibirin yadda yake yau, a wanke shi babba, a kafa a mashigar ƙauye da sunansa a ƙasa, yadda ake sa wa a mujalla. Dattawa suka dubi juna. Babu wanda ya ga dalilin ƙi. Melubo ya ce a ƙara masa karsana ta biyu a maimakon haka. Aka ce shanu sun isa.

Ita ta raka shi da rana tsaka. Wari ya tare su tun kafin su isa gaɓa. Tuddan laka birjik, ɓawon ƙwai a farfashe, a cikin wasu har an fara halitta. Babba-da-jaka sun ƙoshi har tashi yana yi musu wuya.

Da suka kai jerin duwatsun, Melubo ya ja ya tsaya.

"Wuce mana," in ji Naeku. "Matsa kusa yadda kake so. Yanzu ba wanda za ka firgita."

Ya wuce. Ya ɗauka. Da yake hannun ya riga ya saba, wannan ma ya yi kyau.

Mujallar ta buga hoton farko, an yaba. Na biyun yana nan a mashigar ƙauye, duk baƙon da ya zo sai ya tsaya ya karanta sunan. Filamingo ba su sake yin ƙwai a wannan gaɓar ba. Sandar gadi tana hannun ɗan Parmuat, yana gadin duwatsu. Naeku kuwa tana amsa gaisuwar ƙanenta in ya zo gida, kamar yadda take amsa ta direban mota.

Darasi: In wani ya tsaya maka da mutuncinsa, to mutuncin nan ba naka ba ne da za ka kashe a kan buƙatarka. Mutane suna iya yafewa, wani lokaci ma don al'ada ta tilasta musu, amma yafiya ba ta mayar da abin da gaggawarka ta fasa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka taɓa cewa "na tsaya masa".