Bangon Alhaji Tanimu da Bangon Alhaji Sidi

An ce wai a garin Dutsen Maƙera an taɓa yin wani hakimi dattijo, mai jinkirin magana, wanda in ya yanke hukunci sai an kwana biyu ake gane inda ya dosa.

A zamaninsa aka turo wata yarinya mai suna Hansatu, wadda ta gama jami'a a fannin kula da ɗakin karatu, don ta yi shekara guda tana koyon makamar aiki a ɗakin karatun garin. Ta iso da zumuɗi ta ce a nuna mata wurin aikinta. Aka kai ta wani fili gefen kasuwa, ba komai a ciki sai harsashin gini da awaki. Littattafan kuwa, waɗanda wani tsohon shugaban makaranta ya bar wa gari wasiyya, suna jibge a sito, gara na ci, ga damina ta kusa.

Ba wai an rasa mai ginawa ba ne, masu ginawar ne suka yi yawa. Alhaji Tanimu mai motoci ya yi alkawari, Alhaji Sidi mai taki ma ya yi, kowa da sharaɗin a rubuta sunansa a bakin ƙofa. In wannan ya tara jama'a ya aza harsashi, sai wancan ya kira maroƙa ya sake aza nasa a kai. A ci shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Hansatu da ta zo koyon jera littattafai sai ga ta ta ƙware a jera kujeru. Kullum tana zarya tsakanin gidajen biyu, kullum amsa ɗaya: "Je ki ji ta bakin wancan tukuna."

Ran da ta ɗaga wani ƙamus ya zube mata gari a hannu, tura ta kai bango. Ta wuce fada ko mayafinta ba ta kakkaɓe ba, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na gaji! An aza harsashin nan har ya fi ginin wasu tsada, amma ko inuwar akuya babu. In ruwa ya sauka, abin da gara ta rage shi zai ƙarasa. Ni me zan ce na koya a garin nan?"

Hakimi ya sa aka kira alhazan biyu ran kasuwa, a filin, gaban jama'a. Alhaji Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na fara furtawa." Alhaji Sidi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, furuci ai kowa na yi. Ni na fara kawo yashi."

Hakimi ya ce, "Dukanku kuna da gaskiya, kuma ba a raba mai alheri da alherinsa. Bangon gabas na Alhaji Tanimu ne, na yamma na Alhaji Sidi, na kudu da na arewa kuwa kowa ya ja rabi daga ɓangarensa. Yau ɗin nan a kafa wa kowa allo da sunansa a gindin bangonsa, da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa zai karanta. Wanda ya riga kai linta, wato saman taga, shi za mu girmama da rufin kwano. Wanda ya biyo baya ya haƙura da ƙofofi da kantocin jera littattafai. Sunan bakin ƙofa kuwa sai an gama. Ko akwai wanda abin ya fi ƙarfinsa?"

Wa zai ce ya fi ƙarfinsa a gaban kasuwa? Duka suka amsa.

Hansatu ta koma gida kamar ta fashe. Ta kai kuka a yi gini, an ƙara mata alluna biyu! Ta ce a ranta, tsufa dai bai yi ba.

Ba a yi mako ba Alhaji Sidi ya aza bulo layi uku, don dai allonsa kada ya tsaya a kan banza. Washegari masu sayar da goro suka fara ce wa direbobin Alhaji Tanimu, "Ashe bangon maigidanku ko gwiwa bai kai ba?" Kafin la'asar motar siminti ta iso. Daga nan magina suka rasa lokacin cin abinci. Mata masu zuwa cefane sukan tsaya su gwada bangayen da ido, su kai labari gida. Alhazan da Hansatu ke yini a ƙofarsu ba ta gan su ba, su ne yanzu ke aiko mata a tambaye ta faɗin taga nawa masu karatu ke so.

Alhaji Tanimu ya riga kai linta, ya biya kuɗin kwano yana dariya kamar shi aka ba kyauta. Alhaji Sidi, don huce haushi, ya sa aka yi kantoci na katakon maɗaci. Hansatu ta kwashe littattafan da suka tsira ta jera su da hannunta, hadarin farko na haɗuwa a gabas.

Da suka zo neman hukuncin ƙofa, hakimi ya ce, "Kowa sunansa na jikin bangonsa, duk gari ya haddace. Ƙofa kuwa ta masu shiga ce." Aka rubuta sunan gari. Alhazan suka dubi juna, kowa ya ga ɗan'uwansa bai samu ba, sai duka suka tafi da farin ciki.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, hannun da roƙo ya kasa buɗewa, nuna masa na takwaransa.