Jar Kazar Gwaggo Tambai

Masu ba da labari sun ce a ƙauyen Rafin Ɗinya an yi wani dagaci, Malam Shekarau, mutum mai tausayi, sai dai tausayinsa kan riga tunaninsa fita. Wata rana da hantsi yana zaune a inuwar rumbu, sai ya ga jar kazar gwaggonsa tana bin 'ya'yanta da sara. Duk wanda ya matso, sai ta fincike masa gashi. Ransa ya ɓaci, ya sa aka ɗaure mata ƙafafu, ya ce a kawo wuƙa.

Gwaggo Tambai ƙanwar mahaifinsa ce, ta tsufa tukuf, kuma kazar nan ita kaɗai annobar bara ta bar mata. Ta dogaro sanda ta iso.

"Allah ya ja zamanin Dagaci, yau shari'a ta kai kan kaji ke nan?"

"Gwaggo, uwar da ba ta jin ƙan 'ya'yanta, ai tukunya ce ta dace da ita."

"To, kafin a wasa wuƙar, ina jiye maka abin da ya sami Mantau majemi."

"Me ya same shi?"

Ta zauna a gefen tabarma ta ce: Mantau yana da kaza da 'yan tsaki tara. Da suka yi wata biyu, gashi ya rufe su, uwar ta fara korarsu. Shi kuwa, don ganin kansa mai gyaran duniya, sai ya kifa musu babban kwando, uwa da 'ya'ya, wai sai ta tuna ita ta ƙyanƙyashe su. Kullum ya kai musu dusa da gara har inda suke. Maƙwabciyarsa Dela mai daddawa ta leƙo ta kan danga ta ce, "Malam Mantau, buɗe kwandon nan, yaye take yi. Ko ba ka ji labarin Wake-wake ba?"

Ya ce, "Wace ce kuma Wake-wake?"

Dela ta ce: Kaza ce da ta rantse ba za ta taɓa ɗaga wa ɗanta baki ba. Sauran kaji suka yaye nasu suka koma ƙwai, ita tana nan tana yi wa nata tono, tana kiransu, har suka kusa kai ta tsawo. Wata tsohuwar kaza ta ja ta gefe ta ce, "'Yar'uwa, sake su. 'Ya'yan da aka yaye, in shirwa ta kawo sura, kowa ya san ramin da zai faɗa. Naki wuri ɗaya kawai suka sani." Wake-wake ta ce ai hassada ce. Ran da shirwa ta sauko, tsakar gida ta watse, wasu ƙarƙashin rumbu, wasu bayan randa. Nata kuwa su bakwai suka rugo ƙarƙashin fiffikenta, suka ɗaga ta sama, ta kifa. Shirwa ta zaɓi wanda ta ga dama. Wake-wake ta tashi tana kuka tana cewa, "Wayyo, ku kuka girma, fiffikena bai girma ba."

Dela ta ce, "Ka ji, Malam Mantau. Korar nan ita ce hidimar ƙarshe da uwa ke yi."

Mantau ya yi dariya ya ce mai daddawa ta koma malamar kaji. Sai da aka ƙara wata biyu ya ɗaga kwando. Uwar ta fita ko waiwaye babu. 'Ya'yan suka tsaya cirko-cirko suna kallon hannunsa, ba su iya tono ba. Ka san kaji kowa da matsayinsa a wurin ci, tun suna ƙanana suke gwada juna su san wa ke gaban wa. Waɗannan ba su da gurbi, don haka kowa ya samu ya sare su. Kafin kaka, biyu kawai suka rage.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Kazata kwana ashirin da ɗaya ta yi kwanci, ta rame kamar kara. Ta yi faɗa da muzuru a kansu, dubi tabon a wuyanta. Yau ta ga sun isa, shi ne laifinta."

Dagaci ya dubi tabon da ke wuyan kazar. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, ina shekara goma sha biyu Inna ta tura ni noma gidan Kawu. Ko rakiya ba ta yi mini ba. Har ta rasu ina ɗauka gajiya ta yi da ni."

"Kai, Shekarau! Ashe abin da ke cinka ke nan? Ni na riƙe ta a bayan ƙyaure ranar. Cewa ta yi in ta fito ta ga idonka, ba za ta iya barinka ka tafi ba. Kwana uku tuwo bai shiga bakinta ba."

Dagaci ya ja dogon numfashi, ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, abin da rabonsa da ji shekara arba'in. Ya share ido da hannun riga, ya durƙusa da kansa ya kwance kazar.

"Na karɓa, Gwaggo. Allah ya jiƙan Inna."

"Amin," in ji ta. "Da ka tambaya tuntuni, ja'iri."